Ɗora hoton MRI na bara kan na bana: abin da nake rubutawa kullum

Asabar, 13 ga Janairu 2024

Toh bismillah. Na ce bari wannan karon in riƙa rubuta abin da nake yi, don a firojet ɗina na digirin farko na sha wahalar mantuwa, sai in gyara abu yau, bayan wata guda in kasa tuna me na taɓa har ya gyaru.

Aikin dai na masta ɗina ne, a kan MRI (hoton cikin jiki da ake ɗauka da injin maganaɗisu), ga shi a taƙaice. Akwai wani irin ƙari da ke fitowa jikin rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, likitoci suna ce masa menanjiyoma, yawancinsa ba ciwon daji ba ne kuma a hankali yake girma, shi ya sa sau da yawa ba a gaggawar yin aiki, sai a ce wa mutum je ka dawo bayan wata shida ko shekara a sake hoto. In ya dawo tambaya ɗaya ce tal, abin nan ya ƙaru ko yana nan yadda yake. Na zauna kusa da Dakta (ita ce likitar hoto da Farfesa mai duba aikina ya haɗa ni da ita) na ga yadda take yi, ta buɗe na bara a hagu na bana a dama, ta yi ta gungura linzami har ta samu yanka biyu da suka yi kama da juna, sannan ta ja layi ta auna. Matsalar ita ce mutum ba ya kwanciya iri ɗaya sau biyu, bara ya ɗaga haɓa, bana an sa masa matashi ya sunkuyar, ko ya ɗan karkata saboda ƙarar injin ta dame shi. Ka ɗauki gurji ka yanka shi a miƙe, ka sake yanka shi a karkace, na biyun zai fi faɗi alhali gurjin bai ƙaru ba. To haka yake faruwa da ƙarin nan.

Kuma bambancin da ake nema ɗan mitsitsi ne. Ƙari mai zagaye da faɗinsa ya tashi daga milimita 20 zuwa 22, a ido kamar ba komai, amma cikinsa ya tashi daga kusan 4.2 zuwa 5.6 na santimita kubik (cm³), ƙarin kashi 33 cikin ɗari kenan. Nawa aikin shi ne in sa kwamfuta ta juya hoton bara ya hau kan na bana daidai, yanka kan yanka, don Dakta ta daina canka.

Asabar, 20 ga Janairu

Takardar izinin kwamitin ɗa'a ta fito tun Disamba, yau na karɓi faifan CD ɗin. Wallahi na ɗauka zan fara lissafi ne, ashe sati guda zan yi ina shara.

Mutum ɗaya ya yi hoton farko a wata cibiya da ke da inji mai ƙarfin maganaɗisu Tesla 1.5, na biyu kuma ya je inda ya fi sauƙin kuɗi aka yi masa da ƙaramin inji mai 0.35, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Wasu faifan sun karce ba sa buɗewa. Wasu mutanen fim kawai suka zo da shi cikin babban ambulan, wannan kam ba yadda zan yi da shi, don fim hoton hoto ne, babu bayanin inda kowane yanka yake a cikin kai. Wani faifan kuma na yi murna ya buɗe, sai na tarar JPEG aka zuba a ciki maimakon DICOM, tsarin fayil na hotunan asibiti. Shi DICOM amfaninsa kenan, kowane fayil yana ɗauke da bayanin wurin da yankan ya fara, alkiblar da ya fuskanta da girman kowane ɗigo a milimita, in ka jefar da wannan ka jefar da rabin hoton.

Na goge sunaye da lambar asibiti da ranar haihuwa daga duka fayilolin kafin su shiga laftof ɗina, kowa ya koma lamba, M01, M02 haka. Takardar da ta haɗa lamba da suna tana wurin Dakta, ni ban riƙe ba, kuma ba na so in riƙe. Na juya su zuwa NIfTI, tsarin fayil da masu binciken hoton ƙwaƙwalwa suke amfani da shi, da manhajar dcm2niix. Waɗanda suka rage masu hoto biyu lafiyayyu ba su kai rabin tarin da aka ba ni ba.

Litinin, 29 ga Janairu

Yau na fara haɗawa ta gaske da manhajar SimpleITK. Na fara da mafi sauƙi, wato a ɗauki kai a matsayin abu sandararre wanda ba ya lanƙwasa, sai dai a tura shi ko a juya shi. Lambobi shida kenan: turi uku (gefe, gaba da baya, sama da ƙasa) da juyi uku. Ga kai wannan ya dace tunda ƙoƙon kan babba ba ya canza siffa tsakanin bara da bana, ba kamar huhu ko hanta ba da numfashi kawai ke motsa su.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ta yaya kwamfuta za ta san ta dace. Da farko na ce ai sai a debe wannan daga wancan, inda saura ya fi ƙanƙanta nan ne daidai. Bai yi ba sam. A CT (wani hoton cikin jiki mai amfani da X-ray) lambobin hasken ɗigo suna da ma'ana tsayayya, ruwa sifili ne iska kuma -1000 a ma'aunin Hounsfield ko a wane inji, amma MRI ba shi da wannan, farin ɓangaren ƙwaƙwalwa zai iya zama 300 a wannan injin ya zama 1200 a wancan. Sai na koma ma'aunin da ake kira bayanin tarayya, wanda Viola da Wells a MIT da kuma wasu masu bincike a Leuven ta Beljiyam suka fito da shi kowa daban a 1995. Shi bai damu da ko lambobin sun zo ɗaya ba, abin da yake tambaya shi ne in na san hasken wannan ɗigon a hoton bara, zan iya cankar haskensa a na bana? In hotunan sun hau kan juna to duk inda 300 yake a nan za ka riƙa samun wajen 1200 a can, in sun goce sai komai ya cakuɗe. Na fi awa biyu ina zana wannan a takarda kafin ya zauna min.

An fara da hoto mai dishi-dishi a samu kusa, sannan a ƙara kaifi mataki-mataki, in ba haka ba sai lissafin ya maƙale a wani wuri ya ce ya gama. M01 da M02 sun hau lafiya. Na duba su a manhajar kallon hoto ta 3D Slicer da salon nan na allon dara, gida ɗaya na bara gida ɗaya na bana, layin ƙoƙon kai ya wuce sumul ba tsalle.

Talata, 30 ga Janairu

Jiya na kwanta da murna yau na tashi da kunya. M04 ya haɗu tsaf, lambar ma'aunin ma ta yi kyau, sai na ga ƙari biyu a hoton da aka gauraya, ɗaya dama ɗaya hagu. Na kusa kiran Dakta in ce mata an samu sabon ƙari, Allah ya rufa asiri ban kira ba.

Laifina ne. A wani ɗan sikirif (gajeren jerin umarnin kwamfuta) da na rubuta na kwaso lambobin hoton na bar bayanin alkiblarsa, shi kuma wannan fayil ɗin an jera shi ne daga ɗaya gefen, sai kan ya juye kamar a madubi. Abin tsoron shi ne ƙwaƙwalwa dama da hagu kusan iri ɗaya ne, don haka lissafin bai yi ƙorafi ba, ya haɗa abinsa ya ba ni. Da ƙarin a tsakiya yake da ban taɓa ganewa ba. Daga yau na daina taɓa lambobi tsirara. Na kuma rubuta a bangon ɗakina: DICOM da ITK (tushen SimpleITK) suna ƙirga zuwa hagu da baya, NIfTI zuwa dama da gaba, sannan likitocin hoto suna sa damar mara lafiya a hagun allo kamar yana fuskantarka.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Kan M07 na bara ya fito a daskare kamar an danne shi daga sama, duk yadda aka juya ba ya cika na bana. Kwana uku ina zargin lissafi. Ashe kaurin yanka daban, tazarar da ke tsakanin yanka daban. An rubuta kauri milimita 5, amma akwai gibi tsakanin kowane yanka da na kusa da shi, ni kuma a wancan tsohon sikirif ɗin na ɗauki 5 ɗin na jera su manne da juna. Da na lissafa tazarar daga ainihin wurin da kowane yanka yake sai kan ya miƙe ya koma na mutum.

Wannan ya tuna min abin da nake ta kauce wa tunaninsa. Yawancin hotunan da ke hannuna masu kaurin milimita 5 ne, ba irin na milimita 1 da ake gani a manyan tarin bincike kamar ADNI ba, kuma ni canjin milimita 2 nake farauta. A cikin yanka ɗin hoton yana da kaifi, amma daga sama zuwa ƙasa kwamfuta cike gibi kawai take yi da kintace. Na gaya wa Farfesa, ya ce in rubuta shi a babin iyakokin bincike in ci gaba.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Ba abin kirki a satin nan. Wuta ba ta tsayawa, batirin laftof ya fara kumbura, sau biyu aiki yana tsakiya ta mutu. Na gyara sikirif ɗin ya riƙa ajiye sakamakon kowane mutum da zarar ya gama shi. Na kuma sa N4 a gaba, mai gyara hasken nan da ke yin yawa a gefe ɗaya na hoton MRI ya ragu a ɗayan, hotunan ƙaramin injin sun ɗan fi kyau.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Na shiga haɗi mai lanƙwasa, wanda ke iya jan hoton ya canza siffarsa. Bayan juyi da turi akwai ɗan saura a gefen kogunan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa da kuma kewayen ƙarin, in na debe hoto daga hoto sai ka ga zobe mai haske. Raina bai so wannan zoben ba, sai na ce bari in gwada elastix, manhajar da aka rubuta a Utrecht ta ƙasar Holan. Ita tana shimfiɗa wa hoton raga mai ƙulli-ƙulli, ta riƙa jan kowane ƙulli hoton yana binsa kamar an zana shi a jikin roba, hanyar da Rueckert da abokan aikinsa suka yaɗa a 1999 kan hoton MRI na nono. Daga lambobi shida an koma dubbai. Na gwada SyN ma, wata hanyar lanƙwasawa ta manhajar ANTs, ya fi cin lokaci, fankar laftof kamar za ta tashi sama.

Kai jama'a, sakamakon ya yi kyau. Zoben ya ɓace, hoton bambanci ya koma toka fes, na matse ragar na ƙara mata ƙulli ya ƙara kyau. Na tura wa abokina hoton allo da dare ya ce ai ka gama masta.

Alhamis, 14 ga Maris

Azumi na huɗu. Na je wurin Dakta da sassafe kafin rana ta yi zafi, ɗauke da laftof da girman kai. Na buɗe mata M09 na ce ranki ya daɗe ga shi nan, na bara da na bana sun zama ɗaya, ko ɗigo babu. Ta kalli allon ta yi shiru, ta ce in nuna mata asalin hotunan ba waɗanda na taɓa ba. Ta auna da hannunta yadda ta saba. Sannan ta juyo ta ce, “Malam, wannan matar fa saboda ƙarin ya girma aka tura ta wurin likitan tiyata, kai kuma injinka ya ce ba abin da ya canza, to ina ka kai girman?”

Ban iya ce mata komai ba. Sai a hanya cikin adaidaita abin ya faɗo min, kuma abu ne da ya kamata in gani tun ranar farko. Na ce wa manhaja ta ja hoton bara har sai ya yi kama da na bana, ita kuma ba ta san ƙari ba, ba ta san karkatar kai ba, duk bambanci ne a wurinta, sai ta kama ƙarin bara ta buɗa shi ya cika gurbin na bana. Zoben nan da nake jin haushinsa nake ta ƙoƙarin gogewa, shi ne girman, shi ne amsar tambayar da aka ba ni tun Janairu. Garin gyaran gira na tsokane ido. Kuma duk ƙarin ƙullin da na yi wa ragar ƙara mata ikon ɓoye abin nake yi, shi ya sa yake ta “ƙara kyau”.

Abin da ya fi tsaya min a rai ba kuskuren ba ne, don kuskure na saba. Na juyewar madubi ya nuna kansa da ƙari biyu, na kaurin yanka ya nuna kansa da daskararren kai, wannan kuwa kamannin nasara ya zo da shi, toka fes, lamba mai kyau, har da yabon aboki. Da a ce wani likita mai sauri ne ya karɓi hoton nan a hannuna ya yarda da shi, sai a ce wa baiwar Allah ta koma gida ta dawo baɗi.

Na sha ruwa na kwanta ban buɗe laftof ba.

Lahadi, 24 ga Maris

Na koma karatu, bayan tarawihi nake samun natsuwa. Girman bai ɓace ba ashe, ya koma cikin bayanin jan da aka yi wa ragar. Akwai lambar da ake fitarwa a kowane ɗigo, Jakobiyan, in 1 ce wurin bai canza ba, in ta haura 1 ya buɗe, in ta gaza ya tsuke, in kuma ta faɗa ƙasa da sifili to ragar ta naɗe kanta, abin da nama ba ya yi. Na fitar da ita ga M09, ga ja nan a kan ƙarin, wato an buɗa shi. Amma na ga jan ya malala har cikin lafiyayyar ƙwaƙwalwa saboda santsin da ake tilasta wa ragar, sannan in na canza tazarar ƙulli lambar ma sai ta canza, a matsattsiyar ragar nan da na fi alfahari da ita har da wuraren da suka naɗe. Ban yarda in ba likita lambar da ke bin saitin da na ga dama ba.

Na ci karo da aikin Torsten Rohlfing na 2012 wanda ya sa ni dariya ni kaɗai da tsakar dare. Mutumin nan da gangan ya rubuta manhajar banza, ya sa mata suna CURT, ba ta san komai game da siffar kai ba, jera ɗigo kawai take yi daga mai duhu zuwa mai haske ta haɗa na wannan da na wancan, kuma ta doke manhajoji na gaske a ma'aunin kamannin hoto. Wato kama ba ita ce shaidar an haɗa daidai ba. Da na karanta wannan a Fabrairu da na huta da kunyar gaban Dakta, ko da yake anya, ina jin sai na gani da idona zan yarda.

Shawarar da na yanke: ga tambayar ya girma ko bai girma ba, juyi da turi kawai. Kuma in rufe ƙarin da kewayensa lokacin lissafi don kada shi ma ya ja haɗin zuwa gefensa, dabarar da masu aiki kan hoton shanyewar jiki suka daɗe suna yi.

Alhamis, 18 ga Afrilu

An yi sallah lafiya, na dawo. Abu biyu.

Na farko, na lura duk hoton da aka juya yana fitowa da ɗan dishi, saboda sabbin ɗigon daga matsakaicin maƙwabtansu ake samo su, shi kuma wanda aka bari a wurinsa yana nan da kaifinsa. To in kullum na bara nake juyawa, bakin ƙarin bara zai yi laushi na bana ya yi kaifi, ni da kaina na ƙirƙiro bambanci kenan. Maganin da manhajojin nazarin ƙwaƙwalwa SIENA na FSL da kuma FreeSurfer suke amfani da shi shi ne a haɗu a tsakiya, kowane hoto ya yi rabin tafiyar, dishin ya zama na kowa. Na yi hakan. Amma aunin girman ƙarin kansa a kan asalin hoton da ba a taɓa ba za a zana shi, haɗaɗɗen na kallo ne kawai.

Na biyu, gwaji na gaskiya. Na roƙi Dakta ta sa min alama a wurare tsayayyu a kowane hoto daban, irin su AC da PC (wasu 'yan igiyoyi biyu a tsakiyar ƙwaƙwalwa) da wasu kusurwoyin kogon ruwa, ba tare da ta ga sakamakon kwamfuta ba, ni kuma in auna nisan da ke tsakanin alamar bara da ta bana bayan haɗawa. Ta ce, “Kai dai ba ka gajiya da ba ni aiki,” amma ta yi mutum biyar a zama ɗaya. Masu siririn yanka sun zo kusa sosai, masu milimita 5 kuma kuskuren duk ta sama da ƙasa yake, kamar yadda na zata. Na ce ta maimaita mutum ɗaya bayan sati don in san nawa ne daga hannunta nawa ne daga nawa lissafin.

Alhamis, 2 ga Mayu

M11 na cire shi daga jerin debewa, hoton bara an yi masa allurar gadoliniyam ƙarin ya haska fari tas, na bana ba a yi ba, haɗuwa sun haɗu amma debe su shirme ne. M13 kuma an yi masa tiyata tsakanin hotunan biyu, an buɗe ƙoƙon kai, ƙwaƙwalwar ta matsa ta cike gurbi, wannan juyi da turi ba za su ishe shi ba, na ajiye shi gefe sai na yi magana da Farfesa.

Yau Dakta ta yi amfani da abin a kan M09 da kanta, allo biyu suna gungurawa tare yanka kan yanka, da zoben nan mai haske a na uku. Ba ta ce ya yi kyau ba, ta dai ce in sa maɓallin da zai riƙa sauya na bara da na bana a wuri ɗaya da sauri, wai idonta ya fi kama motsi a kan launi. Zan yi shi a ƙarshen mako in an samu wuta. Sabon batiri kuma mai shagon ya ce sai Talata.